Malamin da ya hau dandali bai zubar da girmansa ba: mu tuna da Yazi Dogo



Akwai wata ɗabi'a da muka daɗe da ita mu Hausawa, kuma lokaci ya yi da za a faɗe ta a fili. Muna son dariya, amma mun raina mai ba mu dariya. Mutum zai raba dare yana kallon ɗan wasa har hawaye su zubo masa, gari na wayewa ka ji ya ce ai wane ɗan iska ne. In ɗan wasan ya zo neman auren 'yarsa, sai a ce a je a yi shawara, shawarar da ba ta ƙarewa. An ƙi naman, an shanye romon.

Abin da ya sa na ɗauko maganar ba ɓoyayye ba ne ga wanda yake zuwa taro. Akwai shawara a gaban ƙungiya cewa a bikin ƙarshen shekara yaranmu su yi wasan kwaikwayo da Hausa, wasu matasan malamai su koya musu, su kuma fito tare da su. Wasu daga cikin iyayenmu da yayyenmu sun ce ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce malamin da ya ɗaura tsumma ya shafa toka a fuska don yara su yi dariya ya gama zubar da girmansa, kuma gobe ba zai iya tsawata wa kowa a aji ba. Ina girmama masu wannan ra'ayi, cikinsu akwai waɗanda suka haife ni. Amma ra'ayin kuskure ne, kuma rayuwar mutum guda ta isa ta rushe shi.

Sunansa Alhaji Yazi Dogo. Duk wanda yake da dangi a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, ko yake zama da 'yan uwanmu na Nijar da ke harka a kasuwannin Dei-Dei da Karmo, ya tambaye su wane ne Yazi Dogo. Kafin su ba da amsa za ka ga murmushi ya riga bakinsu. Mutumin ƙasar Dogon Dutsi ne, kuma sana'arsa ta asali koyarwa ce a makarantar firamare. A can makarantar boko lakwal ake ce mata, malami kuma mushe. To, mushe ne cikakke, mai alli da allo. Aikin koyarwa ne ya zaunar da shi a Damagaram, kuma a can ne shi da abokansa, irin su Umaru Naino da Abdu Lushe, suka riƙe ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gidan rediyo da talabijin na ƙasa, wato ORTN reshen Damagaram.

Zamanin da tauraronsu ya haska shi ne zamanin mulkin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987. Mulkin soja ne mai tsauri, ba kowa ke iya buɗe baki ba. Gwamnati ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, tana shirya bikin matasa na ƙasa inda jihohi ke gasa a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. A wannan fili ne wasan kwaikwayon Hausa ya zama wurin da talaka ke ganin damuwarsa a gaban idonsa: ma'aikacin da ba ya taɓa takarda sai an shafa masa hannu, alhajin da kuɗi suka rufe wa ido, boka mai damfara da sunan malanta, auren dole, almubazzaranci a biki. Abin da jarida ba ta iya rubutawa, ɗan wasa ya faɗe shi, kowa ya yi dariya, har wanda ake nufi, amma saƙo ya isa.

Kuma ku lura da yadda suke aikin. Ba rubutaccen wasa suke haddacewa ba. Sukan zauna su tsara labari, su raba wa kowa matsayinsa, sannan kowa ya fito da maganarsa daga cikinsa. Wannan ba aikin sakarai ba ne. Sai wanda ya san harshe ciki da bai, ya san karin magana da habaici da zambo, ya san inda zai ja da inda zai saki. Wace sana'a ce ke koya wa mutum haka fiye da tsayawa gaban yara hamsin kullum, kana neman hanyar da za ka sa abu ya shiga kansu kafin hankalinsu ya tafi waje? Aji ne ya horar da Yazi Dogo. Da ya hau dandali bai bar koyarwa ba, ajin ne ya faɗaɗa, ya tashi daga ɗaki guda ya koma ƙasa guda.

Shin girmansa ya zube? Wata Ba'amurkiya mai bincike, Janet Beik, ta zauna a Nijar ta nazarci irin wannan wasa, ta fitar da littafi a kansa a 1987. Malamin jami'a ɗan Nijar, Shu'aibu Ɗan Inna, ya rubuta littafi sukutum a kan Yazi Dogo da fasaharsa. Masu digiri suna samun digiri da nazarin abin da mushe ya yi a dandali. Ministoci nawa aka yi a Nijar tun daga wancan lokaci waɗanda yau ko sunansu ba a tunawa? Shi kuwa daga Yamai har Diffa ba sai an yi maka bayaninsa ba. In wannan ne zubar da girma, to Allah ya ba malamanmu na Jiwa irinsa.

Wani zai ce ai can Nijar ne, tarbiyyar Faransa ce. To mu dawo gida. Malam Aminu Kano, wanda ba wanda ya isa ya ce ba shi da mutunci, malamin makaranta ne. Ya koyar a Midil ta Bauchi, ya koyar a kwalejin horon malamai ta Maru, kuma tun yana matashi yake shirya wasannin kwaikwayo da Hausa yana sukar zalunci da danniya. Kafin ya hau mumbarin siyasa, dandalin makaranta ya fara hawa. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa don koyar da tsafta da kiwon lafiya. Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Jatau Na Kyallu da Zamanin Nan Namu. Waɗannan littattafai a aji aka karantar da iyayenmu su. Har gobe duk ɗalibin da zai zauna jarrabawar Hausa ta WAEC ko NECO sai ya amsa tambaya a kan wasan kwaikwayo, domin ɗaya ne daga rassan adabi tare da zube da waƙa. Wato mun yarda yaro ya haddace wasa don ya ci jarrabawa, amma ba mu yarda ya ga an yi shi ba. Wannan wace irin dabara ce?

Kuma ba Bature ne ya kawo mana ban dariya ba. Fadar sarakunanmu tana da wawan sarki, wanda shi kaɗai ke iya gaya wa sarki gaskiya mai ɗaci ya kwana lafiya. Muna da 'yan kama da 'yan gambara. Muna da tashe, wanda yara ke fara yi in azumi ya kai kwana goma, suna kwaikwayon mai rowa da malalaci da gwauro, manya suna ba su hatsi da kuɗi. Kakanninmu da suka bar mana waɗannan ba su fi mu rashin kunya ba. Sun dai gane cewa akwai gyaran da faɗa ba ya yi, sai dariya.

Yanzu bari in ɗauki hujjojin masu adawa ɗaya bayan ɗaya, domin ba duka ne na banza ba.

Ta farko ita ce ta addini. Malamanmu sun karantar da mu cewa akwai gargaɗi mai tsanani a kan mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya. Gaskiya ne. Amma su dai malaman sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi raha, sai dai ba ya faɗin komai sai gaskiya, kuma a cikin sahabbai akwai Nu'aimanu, wanda ya shahara da barkwanci. Ashe ba dariyar ce abin ƙi ba, abin da aka cusa a cikinta ne: ƙarya don cutarwa, batsa, cin mutuncin wani, izgili da addini. In haka ne, maganin shi ne a sa ido a kan abin da za a nuna, a kira limamanmu su ga gwaji kafin ranar biki. Ba a rushe rumbu don ɓera ya shiga.

Ta biyu ita ce yara za su raina malami. Duk wanda ya yi makaranta ya tambayi kansa: wane malami yake tunawa da alheri yau, wanda ya fi kowa bulala ko wanda ya fi kowa iya bayani? Tsoro daban, girmamawa daban. Yaro yana tsoron mai dorina har ranar da ya fi ƙarfin dorinar, daga nan shi ke nan. Amma malamin da ya sa shi dariya kuma ya fahimtar da shi, har ya yi furfura in ya gan shi sai ya rusuna. Abin da ke zubar da girman malami a idon yaro mun san shi: zuwa aji a makare, karɓar kuɗi don a ba da maki, zagin iyayen ɗalibi. Waɗannan ne ya kamata mu tayar wa jijiyar wuya.

Ta uku ita ce wadda ta fi ƙarfi: a duba abin da ake kira barkwanci yau a TikTok da Facebook, rawar banza da zagi da tsiraici. Na yarda, akwai ƙazanta mai yawa. Amma wa ya bar musu filin? Mu ne. Ranar da muka ce mai ilimi da mutunci ba ya wasa, ranar muka miƙa dandali ga wanda ba shi da ko ɗaya. Yaranmu ba za su daina neman dariya ba. Wayar tana hannunsu, daga Jiwa har Gwagwa ba gidan da ba ta shiga ba. Zaɓin da ke gabanmu ba tsakanin dariya da rashin dariya ba ne. Zaɓin shi ne wa zai ba su dariyar, malamin da muka san gidansu da tarbiyyarsa, ko wani da ba mu taɓa gani ba wanda ke neman mabiya ko ta halin ƙaƙa.

Ga wani abin da ya kamata ya ba mu kunya. Marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya yi Karambana da Magana Jari Ce, ya fito a Cockcrow at Dawn duk Najeriya ta san shi. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, tsohon soja ne, ya rasu a 2023. Marigayi Rabilu Musa Ibro ma'aikacin gidan yari ne kafin ya shiga fim, ya rasu a Disambar 2014. Dukansu mutane ne masu sana'a da suka zaɓi faranta mana rai. Marigayi Karkuzu na Jos da tsufa ya kama shi, ido ya tafi, sai da ya fito ya nemi taimako, har ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Ina miliyoyin da suka yi shekaru suna dariya? Sai mutum ya mutu mu cika intanet da hotonsa da "Allah ya jiƙan maza". A Ingila, Rowan Atkinson da muke kira Mista Bin yana da digiri na biyu a injiniyan lantarki daga Jami'ar Oxford, kuma ba wanda ya ce ya ɓata karatunsa. Mu ne kaɗai muke ganin ilimi da raha ba sa zama inuwa ɗaya.

Don haka ga abin da nake kira a kai, kuma zan maimaita shi a taro mai zuwa.

Na ɗaya, a amince yara su yi wasan, da Hausa, a kan matsalolin da ke damunmu a nan: shaye-shayen matasa, cire 'ya mace daga makaranta, zubar da shara a magudanar ruwa, tsadar kayan aure. Ba sai mun aro labari daga Indiya ba.

Na biyu, a kafa ƙaramin kwamiti da ya haɗa da limami da uwa da malamin makaranta, su kalli gwaji. Abin da ya saɓa wa addini ko al'ada a cire shi. Abin da kawai ya taɓa wani babba a inda yake masa ƙaiƙayi a bar shi, don shi ne amfanin wasan.

Na uku, malaman da suka ba da lokacinsu kyauta a gode musu a bainar jama'a, kada a bi su da ƙananan maganganu a majalisa. Matashin da ya yini a aji kan albashin da kowa ya san bai taka kara ya karya ba, sannan ya dawo da yamma ya koya wa 'ya'yanmu, ba abin da ya cancanta sai addu'a.

Iyayena da yayyena masu adawa, ban rubuta wannan don in ci muku fuska ba. Tsoron da kuke ji na lalacewar tarbiyya ni ma ina jin sa, ina da 'ya'ya. Amma ku zo ku zauna a sahun gaba ranar bikin. In kun ga abin da bai dace ba, ku tsayar da shi, ba wanda zai yi muku musu. In kuwa kun ga jikokinku suna faɗin gaskiyar da mu manya muke jin nauyin faɗa, to ku tuna cewa wani mushe a Damagaram ya yi haka shekaru da dama, kuma ƙasarsa ba ta raina shi ba, ta ɗauke shi uba.

Allah ya saka wa Alhaji Yazi Dogo da alheri. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin masu faranta mana rai, Allah ya gafarta musu. Allah ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da Jiwa lafiya.

Wanda yake da ra'ayi saɓanin nawa, fili a buɗe yake, amma a yi da ladabi.

Sakataren ƙungiya