Tsohon Da Ya Hana Ni Sayen Sarƙa A Jidda

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni fili kamar yadda ka saba, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani ciniki da na yi a Jidda cikin shekarar 2023, sa'ad da muka je Umra ni da uwargidana. Na daɗe ina nauyin ba da shi, don ni ne marar wayon cikinsa. Amma na ga kowace shekara mutanenmu suna shiga irin shagunan nan da kuɗin guminsu, ba su san abin da za su duba ba.

Dalilin zuwanmu kasuwa shi ne, an sa ranar auren 'yarmu ta fari. Uwargida kuwa tana da awarwaro huɗu da ta gada wurin mahaifiyarta, ta ƙulle su a ƙyalle tun daga gida, niyyarta a musanya su da sababbin kaya, mu cika kuɗi a kai. Kowa ya sani zinariyar mace ba ado kaɗai ba ce, ajiyarta ce ta ranar da babu. Saboda haka abin da ke cikin ƙyallen nan ya fi abin da ke aljihuna nauyi.

Muka nufi tsohon garin Jidda da a ke kira Balad, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, muka shiga titin Ƙabil inda masu zinariya su ke jere. Shago na fari da na biyu, yara samari ne, suna ta kiran "Ya Hajji, ya Hajji," ba wanda ya dubi fuskarmu. Na uku ƙarami ne, wani tsoho na zaune a ciki. Ko da muka yi sallama, bai tambaye mu abin da mu ke so ba, sai ya sa aka kawo wa uwargida kujera, aka zuba mana gahawa da dabino. Sa'an nan ya kira wani saurayi daga ciki. Saurayin nan ya dube ni ya ce, "Baba, sannunku da zuwa, yaya gajiyar hanya?" da Hausa garau. Ashe ɗan ƙasar ne, haifaffen Makka, kakanninsa ne suka zo a ƙasa ta Sudan, kamar yadda jama'a da yawa suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Tun ƙarshen 2017 hukumar Saudiyya ta ce 'yan ƙasa ne kaɗai za su tsaya sayarwa a shagunan zinariya, shi ya sa tsohon ya ɗauko wanda ya haɗa abu biyu, takardar ƙasa da harshen baƙi.

Uwargida ta kwance ƙyalle. Tsoho ya karɓa da hannu biyu, ya goga kowane awarwaro a kan wani baƙin dutse, ya ɗiga masa ruwan gwaji, ya yi shiru. Akwai wasu mata biyu a shagon, bai ce kome ba sai da suka fita. Sa'an nan ya yi wa saurayin magana a hankali, shi kuma ya juyo ya ce, "Hajiya, uku zinariya ce mai kyau, karat 21. Na huɗun tagulla ce aka yi wa ruwan zinariya. Ya ce kada ranki ya ɓaci, mai yiwuwa tsohuwa ta sayar da na ainihin a wata shekarar wahala don ta ciyad da ku, ta sa wannan a gurbinsa don kada a gane." Wallahi sai na ga hawaye a idon uwargida, don ta tuna da farin 1973, tana ƙaramar yarinya. Da wani ne, da ya jefo mana shi ya ce jabu ne, a gaban mutane.

To, ga inda na nuna rashin wayona. Idona ya faɗa kan wata sarƙa babba mai fararen duwatsu, tana walƙiya kamar a ce a sa ta a fita da dare ba fitila. Na ce ita na ke so, kuma ta fi kome tsada cikin abin da ya fito mana da shi. Tsoho ya ɗora ta a ma'auni, ta yi giram 38. Ya ce in ƙyale ta. Na ce don me? Ya ce wajen giram 7 na nauyin nan duwatsu ne, na ƙirar masana'anta, ba su da wata daraja. Ranar da yarinya ta matsu ta kai ta kasuwa, maƙeri zai cire su ya zubar, ya biya ta kuɗin abin da ya rage. Ladan ƙira kuma, wanda su ke kira masna'iyya, ya fi yawa a kan irin wannan, shi ma ba ya dawowa. Ya tambaye ni, "Ado ka ke so ka ba ta na mako ɗaya, ko dukiya?"

Daga nan ya zaunad da ni ya yi mini karatu, ya ba ni tabarau mai ƙara girman abu in duba hatimin da ke jikin kowane kaya. In ka ga 875, karat 21 ke nan, watau cikin kashi 1,000 kashi 875 zinariya ce, sauran garwaye ne don ta yi ƙarfi. In 750 ne, karat 18. In 916 ne, karat 22. Mai karat 24 ita ce tsantsa, amma ta yi taushi ga abin da za a sa kullum. Kuɗin kaya kuwa kashi uku ne: farashin giram na ranar, wanda ke sauyawa da kasuwar duniya, ba mai shago ya sa shi ba, sai ladan ƙira, sai haraji, wanda ya koma 15 cikin 100 tun watan Yuli na 2020. Ya ce ciniki duka a kan ladan ƙira ya ke, wanda ya tsaya yana taya farashin giram ɓata bakinsa ya ke yi. Ni da na shekara talatin ina taƙama da iya tayi a Kasuwar Kurmi, ban taɓa sanin wannan ba.

Da muka zo musanya, ya ƙi. Ya ce shari'a ba ta yarda a ba da zinariya a karɓi zinariya ba sai nauyi ya zo daidai, hannu da hannu, ban da haka an faɗa cikin ribar da aka haramta. Ya sayi awarwaro biyu, ya ƙirga riyal ya danƙa wa uwargida a hannunta, ya ce, "Ciniki ɗaya ya ƙare. Kuɗinki ne, in kin ga dama ki kai wa maƙwabcina." Na ukun ya mayar mata, ya ce aikin hannu ne na dā, in ya saya narkar da shi za a yi, ba wanda zai biya ta kuɗin aikin.

Kada in ɓoye muku, zuciyata ta raya mini ko wannan duk dabara ce ta gwanin kasuwa. Na ce za mu ɗan zaga. Ya yi murmushi, ya sa saurayin ya nuna mana shagunan da ya fi amince wa. Muka shiga biyu, na tambayi ladan ƙira kamar tsohon hannu, na tarar nasu ya ɗara nasa kaɗan. Muka komo, gahawa na jiranmu.

Muka ɗauki sarƙa marar dutse da 'yan kunne da zobe, duka giram 31. Zoben ya yi yawa, uwargida ta gwada da ƙaramin yatsanta wanda ya yi daidai da na yarinya, aka aika wurin maƙeri aka rage shi kafin la'asar, ba a karɓi ko kwabo ba. Ya rubuta rasit, kowane kaya da nauyinsa da karat ɗinsa da ladansa da harajinsa dabam dabam, ya ce a ajiye shi tare da kayan, kada a raba su. Awarwaron tagullan nan kuma ya sa aka wanke shi, ya sa shi a akwati irin na sauran.

An yi biki lafiya. Katin shagon ya zaga hannun mata biyar a unguwarmu, uku sun je sun komo, kowace ta ce ya tambaye ta ko zoben ya zauna. Sarƙa tana ajiye a akwati da rasit ɗinta. Na tagullan ne yarinya ke sawa kullum.

Wassalam.

Naku,
Mai Yawon Kasuwa, Kano.