Hankali Ke Gani, Ido Gululu Ne

Duk wanda ya saba tsallaka titi a Kwangila, inda motocin Kaduna da Kano suke haɗuwa da masu zuwa Samaru da Funtuwa, ya kamata ya riƙe wannan karin magana da kyau. Binciken masana ya gaskata ta.

Ido ba ya gani tar sai a ɗan ƙaramin wuri, kamar faɗin farcen babban yatsa idan mutum ya miƙe hannunsa. Abin da ke gefe dishi-dishi ne. Saboda haka ƙwaƙwalwa ce take zaɓar inda ido zai sauka. Takan fifita abin da muke nema, ta yi watsi da saura.

A shekarar 1999 wasu masana biyu, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun gwada wannan a Jami'ar Harvard ta Amurka. Sun nuna wa mutane hoton bidiyo na 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga jifan masu fararen riguna. Ana cikin haka sai wani ya ratsa tsakiyarsu sanye da kayan goggon biri. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba, alhali idonsu na kan hoton.

To, mu dawo Kwangila. Direban da hankalinsa ke kan fasinja, ko kan tirelar da ke bayansa, yana iya kallon ɗan acaɓa ko ɗalibi mai jaka, amma bai gan shi ba. Idan ya ce "wallahi ban gan shi ba", sau da yawa gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar ba ta ɗora karaya.

Don haka muna ganin kuskure ne mu faɗa titi don kawai direba ya juyo wajenmu. Mu jira sai mota ta rage gudu sosai. Mu sa waya a aljihu, mu dakatar da hira har mu haye, domin ƙwaƙwalwarmu irin ta direban ce. Da magariba mu sa tufafi masu haske. Manyan ɗalibai kuma su riƙe hannun ƙannensu 'yan aji ɗaya. Rigakafi dai ya fi magani.