Na'urar auna oksijin da ba a gwada a fatarmu ba

Ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa don sanin yawan iskar oksijin da ke jininsa ta ceci rayuka masu yawa, amma ba kowa take faɗa wa gaskiya ba. Haske iri biyu take turawa ta cikin yatsa, ja da wani wanda ido ba ya gani, ta yi lissafi daga abin da jini ya shanye. To, sinadarin melanin da ke sa fata duhu shi ma yana shan haske, sai na'urar ta riƙa nuna lambar da ta ɗara ta gaskiya. A Disambar 2020 likitocin Jami'ar Michigan da ke Amurka suka wallafa binciken da ya kwatanta lambarta da gwajin jinin da aka ɗiba daga jijiya. Inda ta nuna 92 zuwa 96, wato babu damuwa, kusan kashi 12 cikin ɗari na awon da aka yi wa baƙar fata ainihinsa bai kai 88 ba, alhali a farar fata kashi 3.6 ne. Abin takaici, tun 1990 likitoci biyu, Jubran da Tobin, suka yi wannan gargaɗi, aka yi kunnen uwar shegu da shi.

Wani zai ce kuskuren maki biyu ko uku bai taka kara ya karya ba. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa wa yaro mai limoniya oksijin idan awonsa ya gaza 90. Yaron da ke 88 aka ga 91, an hana shi iskar da yake bukata ke nan. A Amurka likita zai iya ɗibar jini ya tabbatar. A yawancin asibitocinmu na karkara wannan gwajin babu shi, lambar da na'ura ta nuna ita ce alƙali. Masu cewa a jingine ta gaba ɗaya kuwa sun fi jawo haɗari, domin sauyin launin leɓe da ake dubawa da ido ya fi wuyar ganewa a baƙar fata.

Gyaran yana wurin gwaji. Ƙa'idar hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta 2013 ta amince da mutum biyu masu duhun fata cikin goma, sai a Janairun 2025 ta fitar da daftarin da ke neman mutum 150 masu launin fata daban-daban. Bai kamata mu zauna jiran wannan ba. Ya kamata hukumar abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta daina yi wa kowace irin wannan na'ura rajista sai kamfanin ya kawo shaidar an gwada ta a fata irin tamu.