Gwajin ANCA: Yadda cutar kumburin jijiyoyi ke ɓuya a bayan tarin fuka a Kano

A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Sai dai akwai masu ciwon ƙodar da ba za su kai ga injin wankin ba da an gano cutarsu da wuri. Cikinsu har da masu kumburin jijiyoyin jini, wanda likitoci ke kira vasculitis.

A wannan cuta, garkuwar jiki ce ke juyawa ta afka wa ƙananan jijiyoyin jini, musamman na ƙoda da huhu da hanci. Alamominta sun haɗa da zazzaɓi, rama, haɓo, tari da jini da ciwon gaɓoɓi.

Mene ne ANCA?

Sinadari ne da garkuwar jiki ke samarwa yana yaƙar wasu fararen ƙwayoyin jinin mutum. A Ostireliya aka fara bayyana shi a 1982, a jinin wasu masu ciwon ƙoda. Yanzu ana auna nau'i biyu, PR3 da MPO, kuma kowanne na nuni ga irin cutar da ya fi alaƙa da ita. Cutar lupus kuwa da gwajin ANA ake fara neman ta.

Inda gizo ke saƙa

Mutumin Yakasai ko Mandawari da ya je Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata yana tari da jini, tarin fuka za a fara zargi, kuma hakan daidai ne, domin ya fi yawa nesa ba kusa ba. Cututtukan biyu kan yi kama har a hoton ƙirji.

Gwajin ma bai raba gardama shi kaɗai. Mai tarin fuka na iya nuna ANCA a jininsa, haka ma mai shan maganin hawan jini na hydralazine. Kumburin jijiyoyi da ciwon hanta nau'in B ke haddasawa kuwa galibi ba ya nuna shi.

Kuskure ta kowane ɓangare na da tsada. Maganin vasculitis, irin su prednisolone da cyclophosphamide, danne garkuwar jiki yake yi, don haka in aka ba mai tarin fuka, cutar za ta bazu. In kuma aka shafe wata shida ana maganin tarin da babu shi, ƙoda na iya lalacewa.

Mafita

Matakin farko ba shi da tsada: gwajin kaki na GeneXpert da gwajin fitsari. Idan ba a ga tarin fuka ba, amma aka ga jini da furotin a fitsari, lokaci ya yi da za a tura mara lafiya ga likitocin ƙoda na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, domin neman gwajin ANCA, wani lokaci har da ɗiban tsokar ƙoda.

Sayen prednisolone a kemis kafin nan na iya rufe alamomin cutar, ya ƙara jinkirta gano ta.