Karan Dawa Ba Shara Ba Ne A Ƙasar Katagum

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, sai maganar fitar da mai daga ragowar amfanin gona ta sake tasowa. Abin ba tatsuniya ba ne. A cikin kara da totuwar masara da ɓuntun shinkafa akwai sukari a ɗaure. Akan niƙa su, a turara, a zuba sinadarin da zai saki sukarin, sa'an nan yis ya mai da shi itanol, wanda ake gaurayawa da fetur. Ƙasar Birazil na yin haka da tuƙar rake, Indiya kuma ta buɗe masana'antar da ke aiki da karan shinkafa a Panipat a 2022. Mu ma nan Nijeriya tun 2007 Gwamnatin Tarayya ta tsara a riƙa gauraya kashi 10 cikin ɗari na itanol a fetur.

To, amma jama'a, wanda ya kira karan dawa shara bai taɓa zama a ƙasar Katagum ba. Daga Azare zuwa Gamawa har Zaki, da kara ake danga da rumfa, shi mata ke hura wuta, shi shanu ke ci da rani in sun shiga gona su bar taki. Wanda ya rage a ƙasa kuwa shi ke tare iska kada ta kwashe gona. Ranar da masana'anta ta sa wa kara kuɗi, talaka zai sayar saboda bukatar yau, matarsa ta koma kan itace, gona ta mutu.

Kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A jihar Ayowa ta Amurka, kamfanin DuPont ya buɗe irin wannan masana'anta a 2015, bai kai shekara uku ba ya rufe ta.

Shawarata ita ce a fara da abin da ake tarawa a ƙone, wato ɓuntun shinkafar fadamar kogin Jama'are da totuwa da ɓawon gyaɗa. Gwamnatin Jihar Bauchi ta ba masanan jami'arta da ke Gadau kuɗin bincike, su auna yawansu da sukarin da ke ciki tun kafin a kafa tubali ko ɗaya. Kara kuwa a bar wa manomi abinsa.