Cinikin Biri a Sama

Tun daga watan Nuwamba na 2024, lokacin da kafar labarai ta Bloomberg ta ba da rahoton cewa kamfanin Sony yana shirin ƙera wata ƙaramar na'urar wasa wadda za a riƙa riƙewa a hannu, gardama ba ta yanke ba a ɗakunan kwanan ɗalibai da gidajen gem, daga Kalgo har Argungu. Wannan ya ce za ta ɗauki wasannin PlayStation 5 duka, wancan ya ce faufau. Ana cikin haka Nintendo ya fito da Switch 2 ran 5 ga Yuni, 2025, kana a watan Oktoba na shekarar Microsoft da Asus suka biyo baya da ROG Xbox Ally. To, 'yan'uwa ɗalibai, a ganina mun tsaya muna auna ƙarfin inji, alhali kuwa abin da zai shafe mu yana hannun kamfanonin da ke buga wasannin.

Babu musu, irin wannan na'ura ta dace da mu. Duk wanda ya san halin wutar lantarki a Birnin Kebbi, balle a watan Afrilu da zafi ke korar mutum daga ɗaki, ya san darajar abin da ke aiki da batir. Shi ya sa PSP, wadda Sony ya fitar tun 2004, ta daɗe tana yawo a hannun samarinmu, yawancinta gwanjo. Wasan yana cikinta. Ba ta neman izinin kowa kafin ta kunnu.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Tare da Switch 2 an ƙirƙiro wani irin kati wanda babu wasa a cikinsa sam, mabuɗi ne kurum. Mutum zai biya kuɗi, ya karɓi kwali da kati, sa'an nan ya je ya sauko da wasan kansa daga intanet. Manyan kamfanoni irin su Capcom da Sega sun rungumi wannan hanya, domin katin da zai ɗauki wasa sukutum yana da tsada. Ga mutumin Tokyo wannan ba wani abu ba ne. Amma a ƙasar da hukumar NCC ta yarda a ƙara kashi 50 bisa ɗari na kuɗin waya da data a watan Janairu na 2025, sauko da wasa mai gigabait hamsin biya na biyu ne, in ma layin ya yarda ya tsaya har a gama.

Kuma abin bai tsaya nan ba. Mu mutanen gwanjo ne, kaya kan iso mana bayan masu shi sun gaji da shi. Dala 450 da aka sa wa Switch 2 ta haura naira 650,000 a canjin 2025, watau fiye da albashin wata tara ga mai karɓar mafi ƙanƙancin albashi na naira 70,000. Ashe sai ta tsufa za ta yawaita a nan. To, ran da ta iso, wa ya tabbatar mana rumbun da mabuɗin zai buɗe yana nan? A watan Maris na 2023 Nintendo ya daina sayar da wasanni a shagonsa na 3DS, a 2024 kuma Ubisoft ya kashe wasan The Crew ɗungurungum, waɗanda suka saya da kuɗinsu suka tashi a tutar babu. Bakabe dai, ko ranar babban su, ba ya karɓar kuɗin giwan ruwan da ke ƙarƙashin Matan Fada tukuna.

Hasashena shi ne, idan na'urar Sony ta fito, da wuya a ga wurin sa faifai ko kati a jikinta, kamar yadda Steam Deck da ROG Xbox Ally ba su da na wasa, kuma masu buga wasanni za su yi murna, domin babu aro, babu sake sayarwa. Ba dole ba ne kuwa a yi haka. Kamfanin CD Projekt na ƙasar Foland ya zuba Cyberpunk 2077 gaba ɗaya cikin kati mai gigabait 64 don Switch 2 ɗin nan, ana sa shi ya kama aiki ko a tsakiyar fadamar Rima.