Dangwala Yatsa Ba Shi Ne Izini Ba

 

Ya ku 'yan'uwa, akwai wata mummunar ɗabi'a da ta zauna daram a harkar jinya a wannan yanki namu. Mutum zai ɗauko matarsa ko ɗansa daga ƙauyukan Roni ko Gwiwa ko Babura, ya kai asibiti a Kazaure ko a tura shi Kano, sai a miƙo masa takarda da Turanci a ce ya dangwala yatsa. Bai san aikin da za a yi ba, bai san haɗarinsa ba, bai san ko akwai wata hanya ba. In ya yi tambaya a ce masa, "Kai ne likitan?" Masu kare wannan ɗabi'a suna cewa baƙauye ba zai gane ba, yi masa bayani ɓata lokaci ne. Wannan hujja ɓatacciya ce, kuma mun riga mun ga inda take kaiwa.

A 1996 annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum dubu 11 a ƙasar nan. Ana cikin wannan musiba kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a Asibitin Zana na Kano, ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, kuma ya ce an nemi yardar iyaye da baki. Iyayen suka ce ba wanda ya faɗa musu gwaji ake yi, alhali a harabar asibitin nan likitocin ƙungiyar MSF suna ba da sanannen magani kyauta. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan wata baya. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

To, me shari'a ta ce? Ibnul Ƙayyim a cikin Zadul Ma'ad ya kawo maganar malaman Hambaliyya cewa likita ko da gwani ne, in ya yi wa yaro aiki ba da izinin waliyyinsa ba kuma ɓarna ta auku, to zai yi lamuni. Gwaninta ba ta ɗauke wajibcin neman izini. Sannan Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, wato shekara 4 kafin abin da ya faru a Kano, ta yanke cewa ba a gwajin magani sai a kan baligi mai hankali da ya yarda, ba tilas, ba kuma kwaɗaitar da matalauci da abin duniya. Game da yara kuwa ta ce bai halatta ba, ko da waliyyi ya amince. Ina ma a ce mahukuntanmu na lokacin sun karanta wannan hukunci!

Cin amana yana haihuwa. A 2003 jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna bisa jita-jitar cewa an sa maganin hana haihuwa a ciki, kuma sunan Trovan na cikin abin da ya sa jama'a suka gaskata. Ba a dawo da shi ba sai a watan Yulin 2004, da maganin da aka kawo daga Indunusiya. Kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano.

A nan dole mu juyo ga namu. Wanda ya hau mumbari ya ce kowace allura makircin Nasara ce, ba tare da hujja ba, shi ma ya yaudari uban yaro kamar yadda mai miƙa takardar Turanci ya yaudare shi. Hukuncin Jidda da muka kafa hujja da shi, shi ne dai ya halatta wa shugaba ya tilasta rigakafin cututtuka masu yaɗuwa. Ba a karɓar rabin fatawa a watsar da rabi. Mashaƙo da ya yi ɓarna a Kano a 2023 har ya shigo Jigawa, cuta ce mai rigakafi tun shekaru aru-aru, kuma yaran da ba a yi musu ba ya fi kamawa.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa da ta wajabta takardar izini da Hausa, boko da ajami, a karanta wa wanda bai iya karatu ba a gaban shaida. Kuma mace baliga mai hankali, jikinta ne za a yanka, ita za a fara tambaya, ba a tsaya ga dangwalen mijinta kaɗai ba.